Muryar Cikin Kaset

"Mace? A ƙungiyata?" Fo Atsu, shugaban mawaƙan cocinmu, ya daki tebur. "Shekara sittin yara maza zalla ke waƙa a Kpalime. Ja jikarki ku tafi!"

Na laɓe bayan kakata. Yara bakwai suka rage masa, biki saura mako, babu mai iya ɗaga murya sama. Kaka ba ta motsa ba. Abokin tagwaicinta ne, ta san halinsa.

Ya kunna tsohon kaset ɗin waƙar da ta ciyo musu kofin gasa a Lome. Wata siririyar murya ta cika ɗakin.

"Saurara, Atsupi," ya ce wa Kaka. "Ni ne nan, ina ɗan sha uku. Wace mace ce za ta iya wannan?"

Kaka ta kwance ɗankwali. Ta nuna wani tabo a bayan kunnenta.

"Ka manta? Ranar gasar muryarka ta buɗe, kana ta kuka. Kai ka aske ni da reza, ka sa mini rigarka, na yi waƙar a madadinka."

Yaran suka zuba masa ido.

"Na gaji da tafa maka, Atsu. Bar yarinyar nan ta yi waƙa da gashinta."