Romon Dutse

Mako na uku ke nan duwatsun suna tsime cikin duro a bayan kicin, warinsu har ya fara kama kwanukan abinci. Malama ba ta yi ƙorafi ba. Wadda ta auri mai sayar da kifin ado ai ta san gidanta ba zai rasa ƙarni ba.

Sana'ar mijinta ke nan. Yana haɗa wa masu hannu da shuni tankin gilashi na ruwan gishiri, da murjani da kifaye masu launi. Kafin a saka ko kifi ɗaya, sai an tsima busasshen dutsen teku wata biyu, ana sauya ruwa, har duk mushen da ke ramukansa ya ruɓe ya fita. Wanda ya yi gaggawa, kifinsa ya wayi gari ciki sama. Iyakar sanin Malama ke nan, don ko shagon nasa ba ta cika leƙawa ba.

Ba warin ne ya dame ta ba. Shekara guda ke nan tun da ta ƙi yarda a sayar da gidan da suke ciki, wanda ta gada a wurin mahaifinta, kuma tun ranar maganarsu ba ta wuce "ina kwana" da "ga abinci". Tana son mijinta, shirun nan kuwa yana cin ta kamar gara.

Ran nan da safe sai ga shi ya shigo kicin da bokiti, hannuwansa cikin doguwar safar roba. Ya ja kujera ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba, ya kira ta da sunan da yake kiranta suna amarci.

"Taimako nake nema," ya ce. "Wani mai otal ya matsa mini, jibi yake son tankinsa. In aka dafa waɗannan biyun sosai, aikin wata biyu ya zama na yini ɗaya."

Ta leƙa bokitin. Ba su yi kama da na duro ba. Jiƙaƙƙu ne, da wasu 'yan abubuwa ruwan ƙasa manne a jikinsu kamar maɓallan riga. Ta kai hannu, ya janye bokitin da sauri, ya ce suna da kaifi, shi zai sa mata su a tukunya.

"Ashe ni ce mai haƙurin da za ta dafa dutse," ta ce tana dariya. "To romon na wa?"

Ya yi murmushi, ita kuwa ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka.

Ya ce ta rufe taga da ƙofa kada ƙura ta shiga, ta tsaya kusa tana kwashe kumfa. Da yake babu makaranta, zai kai 'yarsu wurin kakarta don kada ta dame ta. Har kejin kanarinsa ya ɗauka, wai tsuntsu ba ya son wari.

Ruwan ya tafasa, tururi ya cika kicin. Ta fara jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinta, kamar ta tsotsi kwabo. Sai tari, sai hawaye, sai ƙirji ya ɗaure. Ta kalli taga, ta fasa buɗewa. Aikin farko da ya roƙe ta cikin shekara guda, ba za ta ɓata shi don ɗan tari ba. Ta riƙe ludayi da hannu biyu ta ci gaba.

Da tsakar rana maƙwabciyarta tela ta zo aron dutsen guga. Ta yi sallama uku babu amsa, ta tura ƙofa, ta same ta kwance a ƙasa, leɓɓanta sun yi baƙi.

Kwana huɗu ta yi a asibiti da robar iska a hanci. Da likita ya tambaye ta wa ya sa ta wannan aiki, ta ce dabararta ce. Ko gwani yakan yi kuskure, kuma ba za ta bari danginta su sa shi gaba ba. Mijin yana zaune a gefen gado, kai a sunkuye. Ta ga kunya ce, har ya ba ta tausayi.

Rana ta biyar, ya fita sayen magani, sai ga wani tsoho, abokin sana'arsa da suka buɗe shago tare, ya zo dubiya da ledar lemo. Ko gaisuwa bai gama ba ya hau ta da faɗa.

"Haba 'yata, me ya kai ki? Maɓallan nan na jikin dutse masu rai ne, dafi gare su, tururinsu kisa yake. Da kin tambayi mijinki ai da ba a yi haka ba."

Ta gyara kwanciya, muryarta a dishe. "Ƙila shi ma bai sani ba, Baba."

Tsohon ya dube ta kamar wadda ta zauce.

"Shi? Shekara ashirin muna tare, bai taɓa sayar wa mutum dutse ba sai ya sa shi ya rantse ba zai dafa shi ba."