Shekara Ɗaya Zuwa Talatin

Da maza suka ɗauki Zulai zuwa makwancinta, ban zauna karɓar gaisuwa ba. Na naɗe zuciyar ƙarfen da aka ciro daga ƙirjinta a ɗankwalinta, na nufi asibiti. Doka ce, duk zuciyar da ta tsaya sai an mayar da ita.

Yaran da aka dasa wa irin zuciyar nan ba su da yawa, kuma ta 'yata ce ta fara tsayawa. Shi ya sa ba wanda ya san ƙarkonta. Allon bangon asibitin cewa yake za ta yi shekara ɗaya zuwa talatin. Ni talatin ɗin na riƙe, har na fara tara mata kwanuka.

Injiniyan da ke kula da zukatan a asibitin ya karɓa da hannu biyu. "Allah Ya ji ƙanta, Mama. Yanzu lissafinmu zai ƙara kusantar gaskiya."

"Gaskiyarku ta yi tsada," na ce masa.

Kafin in kai ƙofa allon ya canza: shekara ɗaya zuwa tara, iya shekarun da ta Zulai ta yi.

Barira, wadda muka yi jinya gado da gado, tana zaune a benci, ɗanta mai irin zuciyar yana barci a cinyarta. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta sa tafin hannu ta rufe masa ƙirji.

"Yaya," ta ce a hankali, "da kin bari an binne ta da abarta."