Wando Ya Matse

"Wandon nan ya ƙi ɗauruwa," in ji maigidan, yana kokawa da maɓalli.

Matarsa tela ta ɗago daga keken ɗinki tana dariya. Lokacin da cuta mai karya garkuwar jiki ta tsotse shi, ita ta yi ta rage masa kaya. Yanzu da ya riƙe maganinsa ba fashi, garkuwar ta farfaɗo, ko murar yara ba ta kama shi.

"Sai dai sabo," ya ce, "tunda kin yanke wannan."

Da ya cire wandon, ta karɓa ta juya cikinsa, ta farke ɗinkin ƙugu. Yadin ya buɗe, yana nan cif.

"Ninkewa kawai na yi, Baban yara. Na san mai shi zai dawo."