Saƙon Majinyaci

Ranar da labari ya iso Dogo-Dogo cewa Mahmud ya tafi Yamai asibitin masu ciwon daji, Ya'u ya ci tuwo har da ƙari.

Gabarsu ta girmi wasu magidanta. Da iyakar gona aka fara, aka gangaro kan akuya, aka ƙare da abin da ya fi ciwo: Usaini, ɗan Ya'u tilo, ya auri 'yar Mahmud. Ya'u ya kore shi, ya ce ko sunansa kar a ƙara ambata masa. Aka kuwa bi umarninsa.

Wata safiya a teburin mai shayi, majo, ma'aikacin jinya na likitar gari, yana yi wa mutane bayanin ciwon daji, Ya'u ya kasa kunne kamar ba ya ji.

"Inji ne ke gasa ƙarin dajin kullum," in ji majo. "To amma wutar ta fi cin naman da iska ke isa gare shi ta jini. Wanda ke can ciki a shaƙe, rauni kawai yake ji, ya lafe, ya ɗinke kansa, ya sake tofowa. Shi ya sa ake hana su taba. Hayaƙi na rage iskar jini, sai ƙarin ya samu mafaka."

Ya'u, wanda bai taɓa saya wa kowa ko goro ba, ya tashi ya sayi kwalin sigari mai tsada. Mahmud ya daɗe da barin taba, amma Ya'u ya san tsohon mashayi: nuna masa kawai ake yi.

Ya damƙa wa direban motar Magarya mai zuwa Yamai. "Ka kai masaukin Mahmud. Ka ce na majinyaci ne, daga Ya'u."

Kowace kasuwa sai ya aika. Direba ya dawo ya ce an karɓa har da kuka. Ya'u ya ce madalla, a ci gaba da kukan. Mutanen gari suka shiga yabon tsoho ya yi tuba, shi kuma yana sunkuyar da kai irin na salihai.

Bayan girbi mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Mahmud ya sauko da ƙafarsa, wuya sumul, ko tari babu.

"Kai, ba ka mutu ba?" Ya'u bai san sanda ta kuɓuce masa ba. "Ina tabar?"

"Me zai kashe ni, tsohon banza? Rakiya na yi." Mahmud ya buɗe ƙofar baya. "Lokotoro ya hana, na ɓoye, na yi faɗa. Yaron ya ce abin da ya fito daga hannun Baba ba zai yar ba, sai ya sha. Sun ce ƙarin ya dawo, ba sauran gashin inji. Zo ka kama mini Usaini mu shigar da shi."