Rodin da Aka Bari Tsirara

Kai da aka ba ka aikin ginin nan, zauna in ba ka misali. An yi wani magini da aka ba shi ginin bene na ajiye motoci a bakin kasuwa. Ka san kafin a zuba kankare akan jera 'yan ƙananan gutsattsarin siminti, waɗanda magina ke kira biskit, a ƙarƙashin rodi, don su ɗaga shi daga katakon da ake zuba kankaren a kai, kankare ya lulluɓe ƙarfen ta kowane gefe, kada ruwa ya kai gare shi. Shi kuwa gogan naka sauri yake a ce ya gama kafin damina. Ya ce wa yake da lokacin biskit, a zuba kawai. Rodi ya kwanta a kan katako. Da aka ɓare katakon sai ga ƙarfe yana leƙowa kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Ya bi da shafen siminti, ya bi da fenti, gini ya fito fes. Mai ginin ya ji daɗi har ya ba shi saman benen kyauta ya yi sana'a. Don tsabar ganganci, mutumin da ya san abin da ya binne sai ya buɗe wurin wankin mota a kai.

Kullum ruwan sabulu na kwance a sama, yana tsattsafowa. Ƙarfe ya sha, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya soma tsaga kankaren daga ciki. Jan ruwa ya riƙa zubowa a jikin ginshiƙai. Ya gani sarai, kuma ya fi kowa sanin fassararsa, amma faɗa na nufin tona wa kansa asiri, sai ya riƙa ƙara fenti. Abin da ke ba ni haushi ke nan har yau: ɗaruruwan mutane na wucewa ta ƙarƙashi, shi sunansa kawai yake ji. Wata rana da azahar ya sauko inuwar ƙasa ya miƙe ƙafa yana cin abinci, sai wani ɓangaren rufin ya ɓallo, ya sauka a kan ƙafafunsa biyu. Bai mutu ba. Mai saurin nan yanzu da gindi yake ja, kuma da aka ɗaga kai kowa ya ga rodin da ya ɓoye, ya cinye ya koma kamar tsinke.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.