Tsohon da Aka Manta

Ranar Laraba, ana yayyafi a garin Tukuyu, masu shirya fim suka zaɓi wani dattijo, Mzee Mwaipopo, ya fito a matsayin tsohon da 'ya'yansa suka manta da shi. Rabon da wani ya neme shi tun rasuwar matarsa.

Ya sayar da akuyarsa, abokiyar hirarsa, ya ɗinko kwat. Ya aske gemu, ya shafe ɗakinsa da farar ƙasa.

Da suka dawo, daraktar ta riƙe baki. "Baba, wa ya gyara ka haka?"

"Ai baƙi zan yi, 'yata."

"Kash! Mu wanda aka manta muke nema."

Suka ɗauki maƙwabcinsa. Mwaipopo ya rasa akuya ɗaya, gemu ɗaya, da baƙin da ya yi wa shara.