Ƙarar da Ta Gagari Ɗanmusa

Karo na huɗu ke nan Sabi'u yana tsaye a bakin ramin garejin Ɗanmusa, hannu a ƙugu, yana leƙen ƙarƙashin Golf ɗinsa kamar mai neman kazar da ta ɓata.

Motar ba ta da laifi a inji. Kullum ita ke kai shi shagonsa na maganin dabbobi a Gummi, ta maido shi Bukkuyum kafin magariba, a hanyar da kowa ya san halin da take ciki, wadda ko sabis na waya babu a rabinta. Ciwonta ɗaya ne: da ta taka gargada sai ta hau ƙwan-ƙwan-ƙwan, sai ka ce an ɗaura mata tsohon kwano. A tasha har sun raɗa masa suna Mai Ganga. Ga Sabi'u kuwa ɗan tsaf-tsaf ne, mai goge gilashi da hannun rigarsa. Abin ya tsaya masa a rai.

Ɗanmusa ba baƙo ba ne. Benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma tun da Sabi'u ya sayi mota babu wanda ya taɓa sa mata sifana sai shi. Duk Juma'a yana shiga gaishe da Inna, mahaifiyar Sabi'u, wadda idonta ya mutu shekara uku da suka wuce, ya fito da hoce, wainar dawa, a leda yana murmushi.

Da fari bushin, wato robar da ke hana ƙarafan ƙarƙashin mota gugar juna, na kwali aka sa, sabo fil, mai laushi. Ƙara tana nan. Aka koma na Balgiyam, na hannu daga ƙasar waje, wai ya fi ƙarko. Ƙara tana nan. A karo na uku Sabi'u ya dage sai wanda ake yankawa daga tayar tirela. Motar ta daina tangaɗi a kwana, amma kowane ɗan rami sai ya ji shi a haƙori, kuma matarsa Shamsiyya ta rantse ba za ta sake shiga da ƙwai ba. Yau an cire su, an mayar da masu laushi, an haɗa da sababbin shoka gaba da baya.

Ko da aka zo ɗaurin ƙarshe, Ɗanmusa ya leƙo daga rami kamar yadda ya saba. "Tahi ka yi la'asar, ka iske ta shirye."

Ya same ta shirye kuwa, suka fita gwada ta tare. Ta riƙe hanya, sitiyari ya yi daɗi. Suna taka gargadar farko, ƙwan-ƙwan-ƙwan.

"Ɗanmusa, ko dai aikin ya gagare ka, ko cuta ta kakai."

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. "Tsohuwa ta, aboki. Ƙyale ta ta yi maganatta."

Sabi'u ya kai ƙara wurin Inna. Ita ma dariya ta yi, ta ce tunda tana kai shi tana maido shi, ya gode wa Allah. Wannan ya ƙara ƙular da shi. Ya ce a ransa lallai sabo turken wawa ne, kuma shi ya gama zama wawa.

Washegari ya kai motar wurin wani bakanike a Gummi, Kamilu. Ko minti goma Kamilu bai yi a ƙarƙashinta ba ya fito yana girgiza kai.

"Alhaji, wanga aikin gwani na, bushin duka lahiya lau. Noti guda na sandar da ke hana mota tangaɗi anka sassauta, anka ɗaure shi da waya don kar ya hwaɗi. Ba ya kashe kowa, ƙara kawai. Amma da gangan anka yi shi."

Zuciya ta taso wa Sabi'u. Abokin shekara talatin! Ashe yana tura shi salla ne don ya kwance abin da ya ɗaura, gobe a sake dawo masa da mota. Ya ƙudurta cewa da safe zai tsaya a gaban garejin, ya tona masa asiri a gaban kowa. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Kamilu ya murɗa notin sau uku, shi ke nan.

Tafiyar ranar ba a magana. Motar ta zama kamar kwale-kwale a ruwa. Sabi'u ya riƙa neman gargada da gangan yana takawa, yana dariya shi kaɗai, har ya ɗan makara. Ya tsallake fasasshen kwalbatin bakin unguwarsu shiru, ko akuyar da ke kwance a gefe ba ta ɗaga kai ba.

Ya faka a ƙofar gida, ya shiga zaure a hankali don ya ba su mamaki. Sai ya lura yau ba a ajiye masa buta a bakin ƙofa ba, kuma Inna ba ta riga shi da "sannu da hanya" ba kamar kullum. Yana shirin yin sallama ya jiyo muryarta daga tsakar gida.

"Shamsiyya, an kira magariba ban ji motar ta hau kwalbati ba. Nemo min Ɗanmusa ga waya, ki tambaye shi: mantawa yay yi yaɗ ɗaure notin da nic ce ya bar min sako-sako, ko ko ɗana na bai dawo ba?"